Ƙayar Kifi a Gindin Rijiya

A ƙasar Gumel, tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, an yi wani ƙauye da ake kira Tsamiyar Hamma. Yanzu babu shi. Gida arba'in ne da 'yan kai, da rijiya guda, da mutum guda wanda ya san cikinta, wato Haladu ɗan Cindo. Haƙar rijiya gadonsa ce. Ubansa ya haƙa, kakansa ya haƙa, shi ma tun bai yi gemu ba ake ɗaura masa igiya a ƙugu a zura shi ƙasa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, idanunsa kullum a kanne kamar wanda hasken duniya ya yi wa yawa.

Haladu bai yi nisa a karatu ba, iyakarsa abin salla. Amma in hira ta zo kan ikon Allah a gindin tsamiya, har liman Malam Ya'u yakan bar masa fage, domin yana da abin faɗa wanda babu mai shi sai shi.

Yakan ce, "Ku bayan ƙasa kuke gani, ni na ga cikinta. Daga sama rairayi ne gaba uku. Sai jar ƙasa, sai tsakuwa, sai yumɓu, sai farin yashi mai tace ruwa. Na haƙa a Gagarawa, na haƙa a Maigatari, har Damagaram an kai ni, ban taɓa tarar da an birkita jerin nan ba. Ko amarya ba ta jera ƙoranta haka. To, wa ya jera? Duk wanda ya ce babu mai jerawa, a ba ni shi in zura shi gaba goma kacal, ya hau ya ba ku labari."

Sai a yi dariya, Malam Ya'u ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan shi ne dalili na hankali. Malamai ma da shi suke farawa."

Ba don burga Haladu yake faɗa ba. In yana can ƙasa, bakin rijiya ya koma kamar ɗan farin faifai a bisa kansa, babu motsi sai na numfashinsa, wata natsuwa takan sauko masa. Yakan ji kamar baƙon da ya isa masauki ya tarar an share, an shimfiɗa tabarma, an ajiye masa ruwa tun kafin ya taso daga gida.

Yana da ƙane, Ilu, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma tsakaninsu. Shi Ilu bai zauna gida ba. Ya bi 'yan ci-rani zuwa ƙasar Bauci inda Turawa ke haƙar kuza, ya yi shekara uku can, biyu daga ciki yana ɗaukar wa wani Bature guduma da jakar duwatsu. Ya komo gida shekara goma bayan shigar Nasara Kano, a daminar da ruwa ya sauka sau biyu ya ɗauke. An yi shuka ta fito kamu guda ta ƙone. Aka sake, ta sake ƙonewa. Da kaka ta zo, rumbuna da yawa ba su ga zangarniya ko ɗaya ba. Ita ce yunwar da daga baya aka sa wa suna Kakalaba.

Wata rana da hantsi suna zaune a tsakar gida suna gyaran igiya, Haladu ya ɗauko zancensa na jeri. Ilu ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Yaya, Baturen nan da na yi wa aiki, shi ma jerin nan yake bi. Amma ya ce ruwa ne ya yi shi. Ruwa ya kwaso yashi ya zube ya janye, wani ruwan ya zo ya shimfiɗa laka a kai, haka haka, shekara dubu sau dubu. Bari ka gani."

Ya tashi ya ɗebi ƙasa a ƙwarya, ya tsiyaya ruwa daga tulu, ya girgiza ya ajiye. Sabuwa matar Haladu ta leƙo daga madafa ta ce, "Ilu, ruwan nan da igiya gaba ashirin da biyu aka jawo shi, ba na wasa ba ne." Ya ba ta haƙuri. Jim kaɗan ya karkata ƙwaryar ya yanka ƙasar da wuƙa. Tsakuwa ta kwanta a ƙasa, yashi a kanta, laka a sama, kowanne a wurinsa.

"Ka gani? Babu wanda ya jera."

Haladu ya duba ya ce, "Wa ya girgiza ƙwaryar?"

"Ni."

"Madalla. Ka ba kanka amsa."

"Abin da na ce masa ke nan, Yaya. Ya ce mai yiwuwa ne akwai mai girgizawa, shi dai gudumarsa ba ta taɓa cin karo da hannunsa ba. Ya ce abu ɗaya ya tabbatar a shekarun da ya yi yana fasa dutse, ƙasa ba ta san akwai mutum a bayanta ba."

Haladu ya ajiye igiyar. "Ka yi istigfari."

"Ni ban ce na yarda ba. Salla ina yi, azumi ina yi. Maganar ce dai ta ƙi fita daga kaina."

Maganar ta shige Haladu shi ma. Zancen ƙwarya bai dame shi ba, wannan ya san amsarsa. Cewa ƙasa ba ta san da mutum ba, shi ne ya tsaya masa a rai.

Da rani ya yi tsakiya, guga ya fara hawowa da laka, daga nan ya fara hawowa a bushe. Ruwan sha sai an kora jakuna tafiyar rabin yini zuwa rijiyar wani ƙauye, can ma tulu biyu ake ba kowane gida. Abinci ya koma anza da ganyen yaɗiya da ɗan hatsin da mata ke tonowa daga gidan tururuwa. Mai garin, Bulama Ubale, ya tara magidanta a gindin tsamiya. Waɗansu suka ce a tashi a yi kudu, bakin kogin Haɗeja, tun ƙafa tana iya ɗaukar jiki. Waɗansu suka ce wanda ya tafi ya rasa shukar bana, in da ruwa a gari, da anza da nonon 'yan awakin da suka rage za a iya kaiwa damina.

Bulama ya juya ya ce, "Haladu, kai ka san cikinta. Akwai ruwa a ƙasa ko babu?"

"Ranka ya daɗe, a ba ni kwana goma in ƙara mata zurfi."

Gida goma sha ɗaya ba su yarda su jira ba, cikinsu har da gidan Dogo, yayan Sabuwa. Ranar jajiberin tashinsu Sabuwa ta durƙusa gefen mijinta ta ce, "Malam, su Yaya Dogo gobe za su kama hanya. Sun ce akwai wurin Murja a kan jaki." Murja ita ce 'yarsu, ita kaɗai ta rayu cikin biyar, shekararta tara.

"Kwana goma na roƙa, Sabuwa."

"Kai ke da iko. Amma ka sani anza sai ta kwana uku ana sake mata ruwa kafin ɗacinta ya fita. Ruwan kuwa ka san inda yake."

Ya ce ya sani. Ta tashi ta koma bakin aikinta, ba ta sake tayar da zancen ba.

Aka kafa gwafa sabuwa a bakin rijiya. Haladu yana ƙasa da dagi, mutum shida suna jan kwandon ƙasa, Ilu yana tsaye a kan igiya. In Haladu ya gaji su yi musaya. Suka wuce yashin da ya bushe, suka shiga wani baƙin yumɓu wanda Haladu bai taɓa kaiwa gare shi ba, domin ba a taɓa bukatar wuce nan ba. A rana ta tara, a gaba ashirin da biyar, yumɓun ya sake kama. Ya zama fari, marar nauyi kamar toka, cike da 'yan ƙananan katantanwa. Haladu ya soka dagi, wani fallen ƙasa ya ɓalle ya rabu biyu a hannunsa. Ya ɗaga shi wajen ɗan hasken da ke saukowa. Kifi ne. Babu tsoka, babu fata, amma ga kai, ga ƙayar baya, ga haƙarƙari a jere, ga wutsiya, tsawon taƙi guda, a kwance cikin ƙasar kamar jiya aka danna shi.

Ya daɗe yana kallonsa. Sa'an nan ya naɗe shi a riga ya girgiza igiya aka jawo shi.

Gari ya taru. Mafi yawansu ba su taɓa ganin kifi ba sai busasshe a kasuwar Gumel. Malam Ya'u ya karɓa da hannu biyu ya ce wannan saura ne na ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu. Ilu kuwa ya matso kusa. Ya ce, "Irinsa Bature ya nuna mini. Ya ce duk inda ka ga wannan, dā can tafki ne babba. Kuma ya ce yawanci a ƙarƙashin lakar tafki akwai yashi mai riƙe da ruwa, lakar ce ta rufe shi kamar murfi."

Haladu ya dubi ƙanensa, rabon da ya yi masa irin wannan kallo tun kafin zancen ƙwarya. Ya ce, "To, ka ji. Naka ilmin da nawa sun haɗu a hanya ɗaya." Ya juya wajen Bulama. "Ranka ya daɗe, Allah ba ya wasa. Bai ajiye kifi a gaba ashirin da biyar a banza ba. Ya ajiye shi ne don ranar da bawansa zai iso nan yana shirin karaya, ya gani ya san akwai ruwa a gaba."

Bulama ya ce, "Kwana gomanka gobe za su cika. Akwai gida goma sha tara da suka ɗaure kaya. In ce su kwance?"

"A ce su kwance. In Allah ya yarda za su sha."

Ya ce in Allah ya yarda, amma ya faɗe shi ne kamar wanda aka riga aka gaya wa an yarda. Aka kwance kaya.

Daga nan aikin ya canja. Yumɓun ya koma baƙi, mai tauri da danƙo, gaba ɗaya sai ta ci kwana biyar. Iskar ƙasa ta ɓaci, mutum ba ya iya daɗewa sai kansa ya fara juyawa, dole a fito da shi a yi ta zura damin ganyen sabara ana jawowa don iska ta sake. Masu jan igiya shida suka zama goma, ba don kwandon ya ƙara nauyi ba, don hannuwan sun rage ƙarfi. Jakunan ɗaukar ruwa suka fara faɗuwa a hanya. Tulu biyu ya koma ɗaya. Iya Mairo ungozoma ce ta fara rasuwa, sai tsofaffi biyu, sai aka shiga yara. Maƙerin garin ya kwashi iyalinsa ya tafi ba sallama. Kullum da safe in Haladu zai nufi rijiya sai ya ratsa ta gaban gidan da ake makoki, mutane su ɗago su dube shi. Babu mai zaginsa. Tambaya ɗaya ce, "Yau gaba nawa?"

Kwana ashirin da uku bayan ganin kifi, dagi ya faɗa cikin taushi. Haladu ya durƙusa ya tona da hannu. Yashi ne, fari, mai kyau, irin wanda ya sani. Ya damtsa ya buɗe hannu, yashin ya zube ta tsakanin yatsunsa. Ya manna shi a kumatu, ya ɗora a harshe. A bushe yake kamar an soya shi. Bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da cika kwando, yana cewa a ransa damshin yana ƙasa kaɗan. Kwana biyu yana cikin yashin nan. A rana ta uku, a gaba talatin da ɗaya, dagi ya yi ƙara, hannunsa ya yi tsami har kafaɗa. Dutse ne, daga bango zuwa bango.

Ya yi kwana uku yana dukansa. Wuta tana tartsatsi, ɗan abin da ke ɓallewa bai cika tafin hannu ba. Bakin dagin ya lanƙwashe, babu maƙerin da zai miƙar da shi. Aka zura Ilu ya same shi can ƙasa, su biyu a tsugune, gwiwa tana taɓa gwiwa. Ilu ya shafa dutsen, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne.

"Yaya, wannan ban san shi ba. In uwar dutse ce, babu komai a ƙarƙashinta. In ɓawo ne, yana fasuwa. Amma ko kamu ɗaya ne ko gaba goma, ban da hanyar sani."

"Kai ka ce akwai yashi mai ruwa."

"Na ce yawanci. Shi ma haka ya ce mini, yawanci."

Haladu ya so ya yi masa faɗa, sai ya ga ba shi da bakin yi. Ilu ya ce yawanci. Shi Haladu ne bai ce yawanci ba.

Da aka fito da su ya tafi wurin Bulama ya faɗa masa gaskiya a gaban mutane. Bulama ya saurara, ya dubi ƙasa, ya ce, "To." Shi ke nan. Haladu ya gwammace da an ɗaure shi a jikin tsamiya an yi masa bulala.

Aka sa ranar tashi, amma Ilu bai kai ta ba. Ashe ya daɗe yana bar wa Murja rabonsa na anzar da ta jiƙu, shi yana cin wadda ta kwana ɗaya kacal a ruwa. Cikinsa ya ɓaci, ƙafafunsa suka kumbura, ya kwanta a zaure. Haladu yana zaune kusa da shi yana kore masa ƙuda. Wajen azahar Ilu ya buɗe ido ya ce, "Yaya, har yanzu kana ganin jerin?"

"Ina ganinsa. Gaba talatin da ɗaya, babu wadda ta hau kan 'yar'uwarta ba bisa ƙa'ida ba. Jerin yana nan, Wanda ya jera yana nan. Wannan ko za a yanka ni ba zan ce babu ba."

"To, me ya rage?"

Haladu ya ce a hankali, "Dā ina tsammanin don mu aka jera. Ina tsammanin in na iya karanta shi, na san abin da ake nufi da mu. Yanzu ban sani ba, Ilu. Kifin nan ma rai ne da shi. Yana cikin ruwansa, aka janye ruwan aka bar shi."

Ilu ya yi ɗan murmushi. "Yau kai ne za ka yi istigfari."

Suka yi tare. Haladu ya yi ta biya masa kalmar shahada yana amsawa har muryarsa ta ɗauke, kafin la'asar ya cika. Mutumin da ya haƙa gaba talatin da ɗaya ya kasa haƙa wa ƙanensa kabari ya wuce kamu biyu, sai da ya huta sau huɗu.

Mutum tamanin da 'yan kai suka bar Tsamiyar Hamma da ƙafa, babu jaki ko ɗaya. Tafiyar da mai lafiya ke yi a kwana uku ta ci musu tara. Malam Ya'u ya rasu a rana ta biyu. Sabuwa ta kai har gaba da Gagarawa, ta zauna a gindin wata kuka ta ce a ci gaba za ta biyo baya. Haladu ya zauna tare da ita. Yana jiran ta faɗi maganar da take da ikon faɗa, ta ce da ka bar yarinyar nan ta bi Dogo, ko ta ce na gaya maka. Ba ta faɗa ba. Abin da ta ce shi ne, "Malam, ka duba ƙafar Murja ta hagu, ƙaya ta shige ta, ba ta son faɗa." A nan ta cika. Ya rufe ta da taimakon wani Bafillace da ya zo wucewa, ya goya Murja ya ci gaba. Mutum talatin da huɗu suka isa bakin kogi. Can suka tarar da gida goma sha ɗayan da suka riga su, sun rame, amma mutum uku kaɗai suka rasa. Dogo ya karɓi Murja daga bayansa, ya tambayi ƙanwarsa, aka gaya masa. Ya yi salati, ya yi wa Haladu gaisuwa yadda ake yi, bai sake zama inuwa ɗaya da shi ba.

Babu wanda ya koma Tsamiyar Hamma. Da Murja ta girma ta auri wani dillalin dabbobi a Maigatari, Haladu ya bi ta can. Ya kama tufkar igiya yana sayarwa a bakin kara, inda ake cinikin dabbobi, ranar kasuwa. Bai sake shiga rijiya ba, ko an roƙe shi. Ba ya fashin jam'i, sahun farko yake tsayawa. Amma in hira ta zo kan ikon Allah aka ce, "Baba Haladu, me ka gani?" iyakarsa ya ce Allah shi ne masani, ya ci gaba da tufka.

Bayan shekara goma sha biyar gwamnati ta aiko wani Bature yana zaga ƙasar Gumel don gina rijiyoyin siminti a kan hanyoyin shanu. Tafintansa, wani saurayi mutumin Gumel mai suna Ɗantala, yana bin kasuwanni yana neman tsofaffin mahaƙa. Aka nuna masa Haladu. Da fari ya ƙi magana. Da Ɗantala ya matsa cikin ladabi, sai ya fara, gaba bayan gaba, launi da tauri da ƙanshin kowace ƙasa, bai manta ko ɗaya ba. Baturen yana ja wa takarda layi yana gyaɗa kai. Da aka zo kan farar ƙasa mai kifi ya sa aka maimaita masa sau biyu. Ya ce yana son a kai shi.

Aka ɗora Haladu a kan jaki aka tafi. Kufan ya cika da sabara, tsamiyar kaɗai ya gane. Rijiyar ta rufta daga sama, sai da ma'aikata suka yi wata huɗu suna kwashe ƙasa suna ɗaure ta da siminti kafin su kai ga dutsen. Haladu yana nan duk tsawon lokacin, a wata 'yar bukka, ba ya sa hannu, ba ya kuma tafiya. Suka huda dutsen suka cusa albarushi, aka ce kowa ya ja baya. Ƙasa ta girgiza sau ɗaya. Da ƙura ta lafa aka zura mutum, kafin ya kai ƙasa ya yi kira a ja shi, ruwa yana tahowa. Washegari ya hau gaba shida, garai, mai sanyi.

Ɗantala ya zo da fara'a ya durƙusa gabansa. "Baba, Bature ya ce in gaya maka, kai da ƙanenka ba ku yi kuskure ba. Inda kuka ce ruwa yake, nan yake. Ɓawo ne, kaurinsa kamu biyu."

Haladu ya miƙa hannunsa ya dubi tsawonsa daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Ya ce, "Tambaye shi, da dagi kwana nawa zai ci?"

Ɗantala ya tafi ya komo. "Ya ce ƙarfafan mutane da ƙarfe mai kyau, wataƙila kwana goma."

Haladu ya yi ta juya kwana goman nan a ransa. Ya tuna hannuwan masu jan igiya, da dagin da ya lanƙwashe, da tulu ɗaya a gida. Wani lokaci ya ga ba za su kai ba ko da ya nace. Wani lokaci ya ga da sun kai. Bai iya tsayawa kan ɗaya ba.

Ɗantala ya so ya faranta wa tsohon rai. Ya ce, "Baba, ka ga ikon Allah. Na ba Bature labarin jerin da kake faɗa. Ya ce shi ma haka yake gani, tsarin ya yi kyau da yawa a ce babu mai shi. Amma ya ce abokin aikinsa da ke can Katsina bai yarda ba, kullum suna gardama, kuma rijiyoyinsu duka suna ba da ruwa. Ni dai na ce masa mu ba mu da shakka. Dubi ruwan nan, tun tuni yana nan yana jiranku."

Haladu ya ce, "Ni ma ba ni da shakka, ɗana. Ban taɓa tambayar ko akwai Mai shi ba." Ya dubi bakin rijiyar inda ma'aikata ke watsa wa juna ruwa suna dariya. "Amma kada ka ce jiranmu yake yi. Yana nan ne kawai." Ya yi istigfari sau uku a ƙasa-ƙasa.

Aka kawo masa gugan farko don girmamawa. Ya karɓa ya yi godiya, ya yi alwala da shi, ya yi azahar a gindin tsamiya. Bayan ya sallame ya shiga cikin sabara yana neman maƙabarta. Ya san tana gabas da gidan Bulama, amma gidan Bulama ma bai gane inda yake ba. Ya yi ta zagawa har rana ta yi sanyi, ƙarangiya ta cika masa wando. A ƙarshe ya tsaya a wani fili da ya yi masa kama da wurin, ya yi addu'a ga duk wanda ke kwance a nan, ya koma bukka ya naɗe tabarmarsa.

Baturen ya ce a tambaye shi ko zai zauna ya zama mai kula da rijiyar. Ya ce a'a, 'yarsa tana jiransa. Da safe ya kama hanyar Maigatari.

Gari bai sake tsayuwa a wurin ba. Makiyaya ne ke yada zango su shayar da shanu su wuce, su ne kuma suka sa mata suna Rijiyar Bature. Haladu ya ci gaba da tufkar igiyarsa har idonsa ya daina gani sosai, ya rasu a damina ta uku bayan haka, a ɗakin da surukinsa ya ba shi a bayan turken awaki.